Garin da Babu Sanƙarau

Ran nan ina zaune gindin rumbu ina gyaran igiyar guga, rediyon maƙwabcina na ta magana, sai na ji ana yabon wani babban likita a Yamai. Girma anka yi mishi, ban gane ko wane iri ba. Mai rediyo ya shiga jera takardun da mutumin ya rubuta a kan cuce-cuce, awa maroƙi na jera kakannin sarki: wagga a kan ƙyanda, wagga a kan zawon yara, wagga an buga ta Dakar, wagga Faransa. Can ya ce wadda ta fara fito da sunanshi ita ce ta sanƙarau a ƙasar Kurfai, lokacin babban fari. Na aje igiya na tofar da miyau.

Ni ban yi lakwal, makarantar boko, mai nisa ba. Ina haɗa baƙi sannu sannu, Faransanci kuwa sai na gaisuwa da na zagi. Amma waccan takarda na san ta fiye da mai rediyo, don garinmu na cikinta.

Sai na koma baya kaɗan. Zamanin Nasara, ina yaro, in sanƙarau ya shiga gari, gardi, dogaran Nasara, ke zuwa bisa dawaki. A kwashe marasa lafiya a kai su bukkokin zana bayan gari, ba mai matsawa kusa, a tare hanya, a hana mu zuwa kasuwa. Baffana, ƙanen ubana, wanda ya zama maigari daga baya, uwarshi cikin irin wannan bukka ta cika, ba ɗanta ko ɗaya a kanta. Tun daga nan garinmu ya koyi abu guda: in baƙon gwamnati ya tambayi maras lafiya, babu. Anka samu mulkin kai, tuta ta sake, kumandan mai mulkin yankinmu ya zama baƙin mutum irinmu, amma tsoron nan bai ji labarin mulkin kai ba. Ga kuma halinmu na rufin asiri. Bakurfe ya kwana da yunwa ya fi mishi sauƙi da baƙo ya leƙa rumbunshi ya ga ƙasa.

Shekarar farin, shanu sunka zube awa ganye. Anza, ɗiyan icen daji, muke jiƙawa muna ci, ɗacinta na nan a harshena har yau. Da zafi ya kankama na ɗauki fatun shanuna da sunka mutu na tafi Filinge, in saida in samo hatsi ko tiya guda. Na bar matata tana kukan ciwon kai, na ce rana ce. Na daɗe can, don masu neman hatsi sun fi hatsin yawa. A bayana ne likitan ya zo.

Manzon sarki ya riga shi isowa da labari. Baffa ya tara dattawa, sunka yanke shawara. Duk gidan da ke da mai zazzaɓi da sandararren wuya, anka ɗauke shi anka saka cikin rumbu, tun da rumbunan ba komai cikinsu. Ku duba fa, rumbun laka, cikin zafin bazara, a rufe bakin da faifai. Matata na cikin waɗanda anka saka. Maza sunka sa rigunan salla, mata sunka share ƙofofin gida, anka yanka ragon da ya rage ma baffa, wanda ƙashi ne da fata.

Likitan saurayi ne lokacin, ɗan ƙasarmu, yana jin Hausa ras. Akwatin allura na cikin motarshi. Ya bi gida gida yana tambaya ko akwai maras lafiya, kowa na ce mishi lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya ratsa ta gaban rumbuna da takalmanshi. Ya ci naman rago, ya sha hura, ya yi rubutu, ya yi godiya. Bai tambayi kanshi ba yadda anka yi garin da ke cin anza ya zama ba mai ko tari. Ya wuce garin Zabarmawa da ke kudu da mu, wajen hanyar Damana. Su kuwa sunka shimfiɗa marasa lafiyarsu bakin hanya bisa tabarmi, har tsofaffin mata ba ɗankwali. Can ya buɗe akwati.

Da na komo na iske an maido ta ɗaki. Wuyanta ya sandare awa taɓarya, idanu buɗe, ba ta san ni ba. Na ari raƙumi, munka ɗaure ta da zane, na bi sawun motar. Na iske motar ta tashi. Na juya sai ɗakin likita na Filinge. Majo, babban malamin jinyar wurin, ya yi mata allura yana ta yi mini faɗa, wai mi ya hana ni kawo ta tun da wuri. Ta rayu, amma kunnuwan sun tafi. Macen da in tana daka unguwa duka ta san ita ce don lugude da waƙa, macen da ba ta barin magana tawa ta faɗi ƙasa ba ta ɗauka ta jefo mini ba. Yanzu ɗanta na kuka a bayanta, sai in ta ji motsinshi.

Na tafi wurin baffa. Na ce, "Baba, mi kunka yi haka?"

Ya ce, "Ɗana, ka fi son a kai ta bayan gari ta mutu awa akuya? A tare mana hanya, ku ci ƙasa?"

Na ce, "Allura ke cikin motar, baba, ba gardi ba."

"Wa ya sani? Ka buɗa ka gani?"

Ƙanen ubana ne, ba a zaginshi. Na tashi.

Da shekara ta kewayo, motar rigakafi ta zo. Munka hango ƙurarta ta nufi garin Zabarmawa, ta yini can, ta koma. Na tambayi majo a Filinge, ya ce allurar ba ta isar kowa, inda takardar likita ta nuna cuta nan ake fara kaiwa. Garinmu kuwa an rubuta babu. Ina da ɗiya ƙanana, kuma na ga abin da ciwon ke yi. Abin da nake so ke nan, motar nan ta tsaya ƙofar garinmu.

Ana nan sai ga likitan ya komo da kanshi, ya yi ƙiba kaɗan. Ya fito da takardar yana nuna ma baffa sunan garinmu da baƙin Nasara. Ya ce manya sun yi mamaki, yanzu ya zo ya gano asirin da ya tsare mu. Ya ɗebi ruwan rijiya cikin kwalabe, yana tambaya ko kanwa muke sha da yawa. Baffa na murmushi awa an ba shi doki.

Na shiga gida na kamo hannun matata na tsaida ta gabanshi. Ya gaishe ta. Ta dubi bakinshi, ta ce da ƙarfi, yadda kurame ke yi, "Lafiya lau!" Mutane sunka sunkuyar da kai.

Na ce, "Likita, wagga ba ta jin ka. Ranar da ka ci rago tana cikin rumbun can. Ba ita kaɗai ba." Na faɗa mishi duka.

Fuskarshi ta sake. Ya ce, "To mi ya sa ba ku faɗa mini ba?"

Na ce, "Wannan gaskiyarka ce. Ga shi na faɗa. Gyara takardar, mota ta zo."

Ya juya takardar a hannunshi. Ya ce, "Ɗan'uwa, abin da anka buga an buga. An karanta ta Dakar. Kuma ba ni ke aika mota ba."

Sai ya zagaya bayanta ya tafa hannu. Ba ta waiga ba. Na ga idonshi ya yi haske irin na mahauci in ya ga saniya ta karye. Ya ce, "Akwai wasu irinta?" Akwai. Anka tara mishi su gindin gawo, ya bi su ɗaya ɗaya yana kaɗa wani ƙarfe bayan kunnuwansu, ya ɗauki hoto. Na ce a raina, to, wannan karon dai ya gani da idonshi.

Ya rubuta wata takarda, ba shakka. Ran nan mai rediyo ya jera ta cikin sauran: kurumcewa bayan sanƙarau a ƙasar Kurfai. Majo, da ya taɓa ganin ta, ya ce mini hoton matata na ciki, amma sunan garinmu babu. Ta farkon na nan yadda take, ta biyun na bisa kanta, ba wadda ta taɓa wata. Baffa ya rasu yana alfahari garinshi ya shiga littafi. Ban san wanda ya fi ba ni ƙyama ba, su da sunka rufe rumbu ko shi da aka buɗe mishi ya maida faifan.

Motar ba ta tsaya ba har yau. Garin Zabarmawa kuwa an gina musu ɗakin likita. In na ji za a yi allura, sai in ɗora ɗiyana bisa jaki in tafi can. Ina da aboki a garin, tun muna kiwo tare, shi ke cewa yaran nashi ne. In ya hango mu sai ya ɗaga murya da gaisuwarsu, "Fofo! Ga mutanen lafiya lau nan sun taho! Mi kuke nema wurin marasa lafiya?"

Wata rana na ce, "Kai Bazabarme maras kunya, kai da ka shimfiɗa uwarka bakin hanya."

Ya ce, "Na shimfiɗa. Ga ta can kuwa, kira ta ka ji in ba ta amsa ba."

Da maganar ta fita ya ga fuskata. Ya sauke yaran ya kai su layi.

Ran da na tofar da miyau, matata na tsaye da ƙwarya, ta gani. Ta ce da wannan muryar tata da ke kai har rijiya, "Mi anka ce cikin akwatin maganar?" Na nuna mata jaki, na nuna hannuna inda ake sa allura, don an ce jibi za a yi ta garin Zabarmawa. Ta gyaɗa kai, ta tafi nemo rigar autanmu ta wanke.