Kawu Sambo da dattawa biyun da na sallama

Shekara ashirin da shida ke nan da muka kai Kawu Sambo makwancinsa a Kazaure. Ƙanen mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, shi ya biya mini karatun kasuwanci a Kano, kuma sana'arsa ce ta farko da na kusa kashewa da wannan karatun. Bana zan faɗi yadda aka yi, tunda yawancin masu yi mini dariya sun riga sun bi shi.

Fata yake saya. Tun shekarun samun 'yancin kai mahauta daga Roni, Gwiwa, Babura da ƙauyukan tsakani suke ɗauro fatun awaki da na tumaki a bayan keke su kawo sitonsa. Ya tara ya kai wa wani kamfani a Kano, ya rage wa majema da dukawan gari nasu. Cikin ma'aikatansa akwai dattawa biyu, Malam Iro da Malam Ɗanjuma, waɗanda ba sa ɗaukar kaya, ba sa duba fata. In mutum ya zo, mai saye ne ko mai kawowa, su tarbe shi, su ba shi ruwa, su nuna masa buta. In ya gama, ɗayansu ya ce, "Bari in taka maka," ya karɓi keken ya tura masa har bayan gari. A kan wannan tafiya da hira ake biyansu albashi.

Da kuɗin mai ya ja baya, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, kamfanin Kano ya rage abin da yake ɗauka, ya kuma karya farashi. A daidai lokacin ciwon ƙafa ya kwantar da Kawu, ya miƙa mini mukullin sito. Ina ɗan shekara ashirin da wani abu, kaina cike da littafi. Na duba ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, idona ya tsaya a kan dattawan nan. Na je na durƙusa na ce, "Kawu, su Malam Iro me suke ƙara mana? Yawo kawai suke." Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Kai ka yi karatun, Habibu. Yi abin da ka gani." Na ɗauka yarda ce. Na sallame su da buhun gero ɗai-ɗai. Malam Iro ya naɗe tabarmarsa ya ce Allah ya bar zumunci.

Watan farko har tafiyata ta canza don alfahari. Ba wanda ya kawo ƙorafi, ko ɗaya. Sai fata ta fara raguwa. Malam Tanko, wani mahauci daga wajen Gwiwa wanda ya shekara ashirin ba ya fashin mako, ya fara aiko da 'yan kaɗan, daga baya ya ɗauke ƙafa. Wasu suka bi sahunsa. In na haɗu da su a kasuwa in tambaya, sai su ce, "Lafiya lau, kasuwa ce ba daɗi." Ni kuma in yarda. Ga Babbar Salla saura wata biyu, fatar layya kuwa ita ke riƙe sito har shekara ta zagayo. In mahauta suka kai ta wani wuri, sito ya rufe, da shi da gidajen da ke ci a cikinsa. Tsoro ya kama ni sosai, na je na faɗa wa Kawu gaskiya.

Sai ya ce, "Kawo babur." Aka naɗe masa ƙafa, na goya shi har ƙofar gidan Malam Tanko. Aka shimfiɗa tabarma, aka dama fura, aka yi hirar damina da ta wanda ya rasu da wanda ya aurar. Fata ko sau ɗaya ba a ambace ta ba. Ni ina gefe ina cika ina batsewa. Da muka miƙe, Malam Tanko ya kama baburin ya ce zai taka mana. Kawu na dogara sanda, yana tafiya a hankali fiye da yadda ciwon ya tilasta masa.

Sai da muka wuce gidan ƙarshe sannan Malam Tanko ya yi magana, idonsa a kan hanya. "Alhaji, ba farashi ya kore ni ba. Sabon mai duba fatar nan da aka sa, ɗaga ta yake sama yana shela, lamba uku ce, mafi ƙarancin daraja, wuƙa ta ci ta. Shekara arba'in ina fiɗa. A gaban 'ya'yana ake yi mini haka. Da Iro na nan, da tun ranar farko an wuce wurin." Na kasa haƙuri na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa mini?" Ya juyo ya dube ni da mamaki. "A cikin gidanku? Bayan na sha ruwanku?"

A nan na gane abin da na sallama. Mutumin wajenmu ba ya zama a inuwarka ya faɗa maka laifinka. Sai an fita, ana tafiya kafaɗa da kafaɗa ba mai kallon idon wani, sannan bakinsa ke buɗewa. Abin da dattawan suka jiyo a hanya shi suke kai wa Kawu bayan la'asar, ba tare da kama suna ba, ya gyara kafin ya zama gaba. Na toshe kunnen sito da hannuna, na zauna ina murnar shiru.

Kawu bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan zafi ke nan. A hanyar dawowa cewa kawai ya yi, "Tuƙa a hankali, malamin kasuwanci, ƙafa ɗaya ta rage mini." Washegari na je da kaina na ba Malam Iro haƙuri, ya dawo. Malam Ɗanjuma kuwa ya riga ya tafi Legas gadi, kuma shi ne mutanen Babura suka saba da shi. Sun sami masu saye daga tsallaken iyaka da ke biya da sefa, ba su ƙara waiwayarmu ba. Amma kwana uku bayan layya sai ga Malam Tanko da kekuna biyu shaƙe da fata, mahautan Roni na biye da shi. Sito ya rayu, ko da yake bai koma girmansa na da ba.

Yau in ka kira wani kamfani da matsalarka, na'ura ce za ta ce danna ɗaya, danna biyu, har ka gaji ka kashe. In kasuwa ta yi tsanani, masu sauraron jama'a ake fara kora, kamar yadda na yi. Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce. Ba zai zagi waya ba, mutum ne mai son sabon abu. Ina jin zai saurari na'urar har ƙarshe, sannan ya tambaya a ina mutum zai faɗi abin da yake jin nauyin faɗa.

Siton dai yanzu shagon cajin waya ne, sana'ar fata ta koma wasu hannuwa. Amma 'yata Rabi, wadda ta tashi tana ganin Malam Iro a tsufansa, tana sayen riɗi da zoɓo a hannun matan Roni da Yankwashi. Bara da abubuwa suka tsaya mata, ta zo neman shawarar abin da za ta rage. Bakina, da bai gama koyon darasi ba, ya fara ambato Asabe, ma'aikaciyarta da ke zuwar mata suna da biki tana raka matan tasha. Rabi ta tare ni. "Baba, ban da ita. In ta tafi, sai ranar da suka daina zuwa zan san an ɓata musu."

Motarta ta sayar. Yanzu a bayan ɗan acaɓa take zuwa Roni, kuma har yau matan ita suke kai wa. Allah ya jiƙan Kawu Sambo, ya haskaka kabarinsa.