Sunan da Aka Cire Daga Jerin Masu Jiran Gida

Kamfanin da nake wa aiki a Doha yana da wasu gidaje a Al Wukair da yake ba ma'aikata masu iyali. Gidajen kaɗan ne, sai mutum ya ba da sunansa ya jira layi ya zo kansa. Ni injiniyan lantarki ne daga Zariya, a lokacin iyalina suna can Zariya. Wanda ke gabana a jerin wani dattijo ne daga Zangon Kumasi, shugaban masu gadin ofishinmu na West Bay. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce min Injiniya. Shekara biyar ya yi yana jira.

Ana gab da kullen korona mahaifiyarsa ta rasu, ya ɗauki hutun mako uku ya tafi. Bai gama karɓar gaisuwa ba aka rufe filayen jirgi. Sai da ya yi wata takwas kafin ya samu izinin dawowa. Ranar da ya koma bakin aiki ya leƙa allon sanarwa, ya duba jerin daga sama har ƙasa, babu sunansa. Nawa ne a sama.

Tare muka je ofishin kula da ma'aikata. Jami'in ya ce ƙa'ida ce, duk wanda ya wuce wata shida a wajen ƙasar ana cire shi.

"Ai ba guduwa na yi ba," in ji Baba. "Uwata na je binnewa. Ni na rufe hanyar?"

Jami'in ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Khalas," wato magana ta ƙare.

Ni na rubuta masa takardar koke. Bayan wata biyu kwamiti ya kira shi, na raka shi. A nan na fara jin cewa ƙaramar 'yarsa tana da sikila, kuma don ta zauna kusa da asibiti yake neman gidan. Ya ajiye takardun likita a kan tebur da hannu biyu. Suka tausaya masa, suka ce ya sake rubuta suna daga ƙasa. Da ya je rubutawa sai aka ce an sauya doka lokacin da ba ya nan, yanzu matakin aikinsa bai kai na masu shiga jerin ba. Muka sake kai koke. Har yau ba a ba da amsa ba.

A farkon shekarar gasar cin kofin duniya aka kira ni in karɓi makulli. Na tambaya ko zan iya bar masa, aka ce idan na ƙi, na bayana za a ba. Na same shi a bakin ƙofar ofis na gaya masa, na kasa haɗa ido da shi.

"Karɓi abinka, Injiniya," ya ce. "Kai ma 'ya'yanka suna kewarka. Ba kai ka cire ni ba."

Na karɓa. Ba zan ɓoye ba, ranar da matata da yara suka sauka na yi murna ƙwarai.

Sau ɗaya ya zo mana. Matata ta yi tuwon shinkafa, ya ci kaɗan, ya sa wa yara albarka. Da zai tafi ya tsaya a ƙofar ƙaramin ɗaki ya ce, "Iska na shiga nan sosai." Sannan ya yi mana sallama.

Ana tsakiyar gasar aka sake kwantar da 'yar tasa a asibiti a Kumasi, matarsa ta ce ba za ta iya ita kaɗai ba. Ya ajiye aiki. Na raka shi filin jirgi a jirgin ƙasa, muka canja jirgi a tashar Mushairib cikin cunkoson 'yan kallo masu tutoci da ganguna. Wasu 'yan ƙasarsu suka ja hannunsa ya shiga rawa, ya yi musu murmushi ya riƙe jakarsa.

Duk Sallah yana kira na. Idan na ga lambarsa nakan fita waje in amsa, don kada ya ji hayaniyar yara a cikin gidan.