Mai Sansanar Gora

A masana'antar ruwan sha Inna Mai Hanci ake ce mata, sunan kuma ya bi ta har gida. Tun da hukuma ta ce dole kamfani ya karɓi manyan gorunansa na roba ya sake cika su, aikinta ke nan: tana zaune gaban injin wanki, duk gorar da ta dawo sai ta kai hanci bakinta. Mutane kuwa ba su jin tsoron Allah a kan gora. Wani ya zuba fetur, wani maganin ƙwari, ya ɗauraye ya mayar kamar bai yi komai ba. Roba tana shanye irin wannan, wanki ba ya fitar da shi. Wadda ta yi wari sai Inna ta ture ta gefe a niƙe ta. Direbobi na tsokanarta, wai har abin da matansu suka dafa jiya tana ji a jikinsu.

Sai zazzaɓi da mura suka kwantar da ita. Ta warke, hancin bai warke ba. Albasa ta ƙone ƙurmus a gabanta ba ta ji ba, nan ta gane.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Da aikin nan ta aurar da 'ya'yanta, in an sallame ta ina za ta? Ta ci gaba da sunkuyawa tana shaƙar iska, tana ture wadda launinta bai kwanta mata ba. Manaja har yabonta yake gaban jami'an hukuma. Amma tsoro ya hana ta sakat. Duk motar ruwa da ta fita sai ta bi ta da kallo. Har a asibiti ta ga gorarsu. In an ce wani ya kwanta da ciwon ciki, sai ta hau tambayar ruwan da yake sha.

Ranar hutu ta je duba autarta mai jego, ta tarar tana tsiyayar ruwa daga gorar kamfanin za ta haɗa wa jinjiri madara. Inna ta tambaya ko ba wani ruwan a gidan. Autar ta yi dariya.

"Haba Inna, ruwan da hancinki ya tantance? Duk matan layin nan ni na sa suka koma shansa."

Inna ta karɓi jinjirin, ta kifa hanci a kansa. Ba ta ji komai ba.

"Ajiye madarar nan," ta ce. "Tun zazzaɓin nan ban sake jin warin komai ba."