Yatsu Biyu a Gindin Fure

Maciji nake tsoro. Daminar bana shekara biyar ke nan da rasuwar maigidana, amma tun yana raye, duk sa'ad da ya jingine motonsa na kabu-kabu, wato babur ɗin haya, a bakin gona ya kwanta rub da ciki a cikin ciyawa, sai gabana ya faɗi. Ina da ciki lokacin. Na ce masa, "Maigida, wata rana kububuwa za ta riga ka zuwa wurin furen nan." Ya ce, "Sai in roƙe ta ta tsaya cak, kar ta ɓata mini hoto."

Hoton fure yake ɗauka. Ba sana'a ba ce, ba kuma wanda ya sa shi. Yakan ɗauko ɗigon ruwa da tsinken tsintsiya ya ɗora a kan idon salularsa, ya matsa har furen ya kusa taɓa ta, ya riƙe numfashi. Sai ka ga furen gyaɗa, ɗan mitsitsin nan, ya cika fuskar waya. A wurinsa na san cikin furen kuɓewa ja ne wur kamar an ɗiga jini. Abokansa a tashar Dungas suna kiransa Angon Ciyawa, yana amsawa.

Ashe ba maciji ba ne ajalinsa. Ranar kasuwar Guci babbar mota ta same shi a hanya, kafin a kai shi likita ya cika. Katinsa na ɗan ƙasa, mai hotonsa, ba a gan shi ba. Salular ce wani bawan Allah ya tsinta a cikin yashi ya kawo mana.

Yanzu kowa da waya, kuma kowa fuskarsa yake ɗauka. Da yana nan, na san dariya zai yi musu. Gonarsa kuwa ƙuduji ya cinye ta. Nakan tsaya ina kallo, ban san ko kuka zai yi ba ko kwanciya zai yi ya ɗauka, don ya taɓa ce mini duk gonar ba furen da ya kai na ƙuduji kyau, shi da ke kashe hatsi.

Ga abin da ke damuna. Hadiza, 'yar da na haifa bayansa, ta fara tambaya. Na buɗe mata salular, fure bayan fure, babu fuskarsa ko sau ɗaya. Sai yatsu biyu da ke riƙe da kara saboda iska, babban yana da tabon lauje. Kwanan baya wata yarinya ta goranta mata wai ba ta da uba. Ta ce, "Ina da shi mana. Ga hannunsa."

Ni kaina fuskar ta fara ɓace mini. Muryarsa tana nan, amma in na runtse ido ƙanensa nake gani. Batirin salular ma ya kumbura.

Ban taɓa kiran sunansa ba, ko a cikin ɗaki, don kunya. Yau dole ta sa. Harisu ne. Ya kai amare, ya kai 'yan kasuwa tsakanin Dungas, Guci da Mallawa. Don Allah ku duba tsofaffin hotunanku na biki da na suna. In kun ga wani dogo a gefe, ko da rabin fuskarsa ne ya fito, ku kai hoton tashar Dungas, abokansa sun san gidanmu. Allah ya jiƙansa.