Goggo, Mai Ajiye Alli a Tsakiya

Na Allah ne mu, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, sha bakwai ga watan Yuni, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Goggo, mai makarantar ƙananan yara ta bayan layinmu, bayan jinyar kwana huɗu a asibiti. Ina shago ina haɗa ƙofar wani gida matata ta kira ni. Na kashe injin walda, na ɗaga tabarau, na tsaya da waya a kunne ina kallon ƙarfen yana hucewa. Kafin la'asar mun kai ta makwancinta.

Goggo, kwana uku na yi a wajen makokinki, na kuma ji abin da ake ta faɗa. Mai haƙuri ce. Mai son yara ce. Gaskiya ne, amma haka za a ce da kowace tsohuwa mai raba alawa a ƙofar gida. Cikin masu faɗin har da waɗanda suka kwashe 'ya'yansu daga hannunki suna cewa wasan ƙasa kawai ake yi a wurinki. Na gan su, na kuma gaishe su, don wurin makoki ba wurin tone-tone ba ne. Amma wannan takardar tawa ce. Sana'a gare ki, kin san ta kamar yunwar cikinki, ga taurin kan da ya fi nawa. Abin da na zauna in rubuta ke nan.

Dole in taɓo kaina kaɗan don a gane abin da kika yi. Ni bahago ne. A aji ɗaya na firamare malaminmu yakan juya rula ta kaifinta ya sauke mini a gaɓoɓin yatsu duk sanda na ɗauki fensir da hagu. A aji biyu na daina zuwa. Karatun da nake yi yau a jikin gwangwanin fenti na koye shi, da allunan shaguna, da tsofaffin jaridun da ake naɗo mana kaya, ina da shekara goma sha bakwai, ina damun duk wanda ya tsaya kusa da ni da tambaya har ya gudu. Saboda haka da Allah Ya ba ni 'ya, na yi alkawarin ba za ta sha wannan wuya ba. Tana cika shekara uku na kai ta makarantar da ta fi kowace ƙyalli: bene, motar ɗaukar yara, jakar da ke rinjayar mai goyon ta. Yaran da ba su gama iya ɗaura wando ba ana ɗora musu aikin gida shafi biyu, mu iyaye muna ta washe baki.

Ashe yarinyar ta gado ni. Ni da ya kamata in riga kowa lura, ban lura ba. Malamarsu ce ta lura, ta kuma samo magani: ta riƙa ɗaure mata hannun hagu da hankici a jikin kujera har a gama darasin rubutu. Wata biyu ana haka. Yarinya mai surutu kamar aku ta koma shiru. In ta zauna sai ta cusa hannun ƙarƙashin cinyarta ta danne shi. In ta ga takarda sai ta kau da kai. Abin da na yi a ofishin makarantar ranar da muka gano, ba na alfahari da shi, ba na kuma nadama. Na ɗauko 'yata na fito da abu guda a raina: za ta tashi tana tsoron takarda kamar yadda na tashi, kuma ni na kai ta da ƙafata.

Matata ce ta ce mu gwada wurinki. Ɗakuna uku, tsakar gida, bishiya guda, ramin yashi, lilo. Kantoci gajeru daidai tsawon yaro. Ƙusoshin rataye jaka, kowace da hoton dabba a samanta don wanda bai iya karanta sunansa ba ya gane tasa. Bokiti da sabulu a bakin kowace ƙofa. Na ce da matata gidan kakata ma ya fi nan kama da makaranta. Kin ji ni, ba ki ko dube ni ba. Kika durƙusa, da ciwon gwiwar naki, har idonki ya yi daidai da na yarinyar, kika ce, "Ƙawata, sannu da zuwa." Daga ranar sunanta ya koma Ƙawa, ni kuma na zama Baban Ƙawa.

Kina da doka guda da duk malamar da ta zo aiki wurinki sai ta haddace ta kafin ta san inda ake ajiye tsintsiya. Ba a miƙa wa yaro alli. Ba a miƙa masa fensir ko almakashi. A gabansa ake ajiyewa, a tsakiya, daidai saitin cibiyarsa, malama ta janye hannunta ta dubi wani wuri. Hannun da ya fito ya ɗauka, shi ne nasa. Sabuwar malamar da ta manta ta miƙa, ba kya yi mata tsawa, sai dai ki ce, "Kin zaɓa masa." Kowace rana ana ajiye wa Ƙawa nata allin, kowace rana ana ɗauke shi yadda aka ajiye.

Wata uku suka wuce. Tana zura murafen kwalba a zare, tana kwaɓa laka, tana cika gwangwani da yashi tana juyewa. Rubutu kuwa ko ɗigo. Wata safiya na bar aiki na faɗo ofishinki ba sallamar kirki.

"Goggo, makaranta na kawo ta ko gidan raino? Wata uku ko layi ɗaya ba ta ja ba."

"Zauna tukuna, Baban Ƙawa, ka tare mini iska."

Babu kujera a ɗakin sai ta yara. Na zauna gwiwoyina suna neman taɓa haɓata. Daga baya na gane da gangan kika hana a sa babbar kujera a wurin, don ba wanda ya isa ya yi faɗan kirki a kan wannan.

"Ƙarfen da wani ya lanƙwasa ba daidai ba, yaya kake miƙar da shi? Guduma kawai?"

"Sai ya yi laushi tukuna. In ba haka ba tsagewa zai yi."

"To nawa bai yi laushi ba."

Sai kika ajiye alli a tsakiyar tebur kika ce in rubuta miki sauran faɗan, kunnenki ya gaji. Na miƙa hannun dama.

"Da hagu ka turo mini ƙofa. Da hagu kake nuna ni da yatsa tun da ka shigo. Wa ya doke ka?"

 Ba ki jira amsa ba. Kika ce in daina tare yarinyar a ƙofa ina tambayar me ta rubuta yau, don duk tambayar ƙara ɗaure hannun nake yi. In tambaye ta da wa ta yi wasa.

Ba ni kaɗai kika yi wa haka ba. Mahaifiyata ta zo miki da nata, wai hagu hannun ƙazanta ne, kada a lalata mata jika. Kika ce mata, "Yaya, ci da gaisuwa da karɓar abu daga hannun manya, da dama ne, ni da kaina nake koya mata, ta kuma iya. Rubutu kuwa, Wanda Ya yi hannun bai yi kuskure ba." Ta dawo gida tana cewa bakin matar nan ya fi nawa. Iyaye sun taru sun ce ki riƙa yi wa yara jarrabawa ana fitar da na ɗaya da na ƙarshe kamar sauran makarantu. Kika tambaye su, ɗan shekara uku ya zo na goma sha biyu a me, a riƙe fitsari? Wasu sun yi dariya, wasu sun kwashe 'ya'yansu, ke ba ki matsa ko taku ɗaya ba. Akwai ɗan mai gyaran famfo da ubansa ke duka a kan wai ba ya jin magana. Mako biyu ya yi a wurinki kika lura kullum kunne guda yake juyowa in ana kiransa. Kika tsare uban a bakin ƙofa sai da ya yi alkawarin kai shi asibiti. Ashe da gaske ba ya ji ɗin. Ranar jana'izarki uban nan shi ya fi kowa daɗewa a bakin kabari.

A wata na biyar ƙafar lilon makarantar ta karye, kika kira ni. Ina tsakar gida ina walda kika leƙo ta taga, kika yi mini alama in kashe injin in matso a hankali. Yara suna zaune a tabarma, kowa da ɗan baƙin allonsa. Na ga hannun Ƙawa ya fito daga ƙarƙashin cinyarta. Ya tsaya a kan gwiwa. Ya je ya ɗauki allin. Ta ja wata karkatacciyar da'ira, ta yi mata layi huɗu a ƙasa, ta ɗaga murya yadda na manta tana iyawa.

"Goggo, akuya ce."

Kina goge wa wani yaro hanci, ba ki ko ɗago ba. Kika ce, "Ina wutsiyarta?"

Da aka tashi na ce miki ai ko tafi kya yi mata. Kika ce in kin yi tafi za ta ɗauka abin mamaki ta yi, alhali yaro ne kawai ya zana akuya. Na koma na ƙarasa lilon, sai da na sake waldar sau biyu don idona ba ya gani sosai.

Yau Ƙawa tana karanta mini allunan shaguna a bayan babur har sai na roƙe ta ta huta. Bayan hutun da ke tafe za ta shiga firamare, kuma tun farkon zangon nan tsohon tsoron ya dawo mini. Katangarki tana da iyaka. A waje akwai masu rula da masu hankici. Kullum ina cewa gobe zan same ki mu yi maganar, har aka ce an kwantar da ke.

Ran kwana uku, 'yarki mai riƙe da babban aji ta kira ni gefe ta ba ni ambulan. Ta ce kowace shekara kina rubuta wa duk yaron da zai bar wurinki takarda zuwa ga malamin da zai karɓe shi. Bana su goma sha huɗu ne, kin gama duka a makon da ciwo ya kama ki. Ga abin da ke cikin tamu:

"Zuwa ga malamar aji ɗaya. Wannan ƙawata ce. Bahaguwa ce, kada a taɓa mata hannu. A zaunar da ita a ƙarshen benci ta hagu don kada gwiwar hannunta ta riƙa karo da ta maƙwabciyarta. A karkata mata kan littafi zuwa dama. Gefen hannunta yana shafe rubutu, ba ƙazanta ba ce. In ta yi shiru, wani abu ya faru, a tambaye ta a gefe. Mahaifinta yana da zafi. A saurare shi, yawanci yana da gaskiya, faɗar ta ce bai iya ba."

Ran Litinin na kai takardar hannun shugaban firamaren, na wasa bakina da shirin faɗa. Ya karanta, ya sake karantawa, ya tambaye ni wace ce ta rubuta. Na ce ta rasu makon jiya. Ya yi mata addu'a, ya aika aka kira malamar aji ɗaya ya ba ta. Ta ce shekararta tara tana koyarwa, ba ta taɓa kawo maganar bencin nan a ranta ba, kuma tana da bahagwai biyu a ajin bana da kullum suke faɗa da na kusa da su. Ta nemi in bar mata takardar. Na ce ta kwafa, wannan tawa ce. Na fito ban yi faɗa da kowa ba. Kina kwance a kabari kin gama mini yaƙin da na yi wata uku ina shiri.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba, maigidanki, da 'ya'yanki da jikokinki, da malaman da kika horar, da yaran da har yanzu suke leƙa ofishinki da safe. Ga 'yarki kuma da ta gaji wurin: na ji masu ba ki shawara tun ba a naɗe tabarmin makoki ba, wai lokaci ya yi da za a zamanantar da makaranta. Ki gaishe su da kyau, ki ba su ƙaramar kujera. Muna bayanki, mu iyayen da muka ga aikin da idonmu.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya yafe mata kurakuranta, Ya yalwata kabarinta, Ya sa kowane harafi da yaran nan za su karanta har ƙarshen rayuwarsu ya zame mata sadaka mai gudana. Allah Ya ba iyalinta haƙurin rashi, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Goggo, kin bar wa 'yata hagunta. Ranar da za a raba littattafai, Allah Ya ba ki naki a hannun dama. Amin.