Guntayen da Kaka ta ƙi ƙonawa

Na sha ɗari a Agadas, na sha na Khartum, amma har yau in sanyi ya shiga ƙashina, ɗakin Kaka nake tunawa a unguwar Mursal, nan Injamena. Babanmu kafinta ne daga Damagaram. Kowace yamma yakan shigo da buhun guntayen katako da sassaƙe, Kaka ta zuba a kasko, mu kewaye ta bayan magariba. Idonta ya yi rauni, amma da yatsa take gane kome. Ta shafa guntu ta ce, "Yau ƙofa aka yi." Ta ɗauki wani ta yi dariya: "Ƙafar gado. Maigida, an yi maka amarya ba ka gaya mini ba?" Ni take nufi.

Sai shekarar da ƙyanda ta shiga unguwa. Yawancin maƙwabtanmu Kiristoci ne 'yan kudu, a akwati suke binne mamacinsu, kuma Baba suke kawo wa aiki. Buhu ɗaya ya zama biyu. Wata yamma Kaka ta shafa wani farin guntu mai yankan karkace, ta ajiye shi gefe.

"Kafinta," haka take kiran Baba, don ɗan fari ne, "wannan na kafaɗar wa?"

"Iya, katako ne kawai."

"Gajere ne. Na akwatin yaro ne. Ba a kaskona ba."

"Tarinki fa? Itace ya yi tsada."

"Ka kunna wa 'ya'yanka. Ni na ƙoshi."

Daga ranar a ɗakin Innarmu ake hura wuta, sauran guntayen kuma a tara bayan ɗakin Kaka. Tatsuniya dai ba ta daina ba. Mukan zauna gaban kasko mai sanyi, ta ce, "Ku matso, ga ta tafe," mu ce, "Ta iso lafiya."

Ta ba mu labarin wani masassaƙi da Mutuwa ta zo wa da ciniki: duk gidan da ta shiga, turminsu da taɓaryarsu nasa ne, ya ƙona. Gidansa ya fi ko'ina ɗumi. Da safe mata kan zo ɗibar wuta da sakaina, yana ba su yana fara'a. Kullum masu zuwa suna raguwa, itace yana ƙaruwa. Wata safiya babu wadda ta yi sallama. Ya leƙa, sai ga Mutuwa tsugune a ƙofa da 'yar sakaina. Nan Kaka ta ƙanƙance murya: "Masassaƙi, a sam mini wuta. Garin nan naka kaɗai ke hayaƙi."

Tari ya sarƙe ta. Ƙanwata Hadiza ta ce, "Kaka, ya ba ta?"

"Ku tafi ku ji ɗumi," ta ce.

Kafin ɗari ya wuce Kaka ta rasu. Da aka zo neman itacen da za a jera a rufe kabari, babu ko ɗaya a unguwa, an ƙone duka. Baba ya zagaya bayan ɗaki, ya tsinto masu ɗan tsawo daga tulin nan, ya ɗauka a ka. Su aka jera mata.

Na daɗe ina ganin taurin kai ne ya kashe ta. Daga baya yawo ya kai ni garuruwan da aka yi yaƙi ko yunwa, na zauna da mutanen kirki da kasuwarsu ta buɗe saboda haka. Ban ga laifinsu ba, kamar yadda ban ga na Baba ba. Da wannan wutar muka rayu. Abin da na rasa a duk inda na je shi ne wanda zai shafa guntu ya tambayi na wane ne. Yanzu gas muke kunnawa. Jikata Zainabu takan ce in matso kusa, in ce mata nan ma ya isa.