Buhunan Taki da Alhamis ɗin Yaya Sabo

Shekara goma ke nan cif da muka kai Yaya Sabo makwancinsa, amma har yau in na bi ta gindin darbejiyar nan ta Gyadi-Gyadi bayan la'asar, sai na tarar an bar gurbin mutum ɗaya a kan benci, ɓangaren da ke kallon titi. Ba wanda ya ce a bari. Rabin masu zama a majalisar yanzu ba su ma san shi ba. Na taɓa tambayar wani sabon zuwa me ya hana shi matsawa, ya ce shi haka ya tarar, kuma wurin sanyi gare shi ko da rana ta take.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Nas ne a sashen da ake kai waɗanda suka yi haɗari a asibitin koyarwa, ni kuwa ma'aikacin gwamnati ne, na ƙare ƙuruciyata ina jan fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Muryarmu ɗaya, har mahaifiyarmu takan rikice in ɗayanmu ya yi sallama daga zaure. Ban da murya ba mu haɗa komai ba. In ya ce gabas sai na ce yamma, ba don na san hanyar yamman ba. Ban zauna rubutun nan don yabo kawai ba. Akwai abin da na aikata shekara goma sha biyu da suka wuce, wanda na yi zaton an binne shi tare da Yaya.

Wanda ya zauna a Kano a shekarun bama-bamai ba sai an ba shi labari ba. Kowace kwana da shingen bincike, mutum ya sauka daga babur ya tura, ya ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Tayar mota ta fashe a Tarauni, sai ka ga dattijo ya bar takalminsa ɗaya a bakin masallaci. A majalisarmu kullum maganar ɗaya ce, kuma ni ne mai zafin kai. Cewa nake ana yaƙi ba a maganar 'yanci, duk wanda aka yi shakkarsa a kama shi tukuna, a yi tambaya daga baya, ai rigakafi ya fi magani. Har na kan ce gwamnati ta riƙa rubuta wa limamai huɗuba, kowa ya huta.

Yaya ba ya ɗaga murya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Shi ne ya wuni yana tsince ƙarfe daga jikin mutane, ya fi kowa sanin ɓarnar 'yan ta'adda, amma sai ya ce ranar da aka fara kama mutum ba tare da an rubuta sunansa ba, ranar muka fara kama da waɗanda muke tsoro. Batun huɗuba kuwa, mutumin da sahun farko ba ya wuce shi, cewa yake a bar mumbari daban, ofis daban. Idan malami ya koma cin tuwon gwamnati, wa zai gaya mata ta yi kuskure? Idan kuma mai bindiga ya ce da sunan Allah yake mulki, wa za ka kai wa ƙara? Ni dai nakan ce masa ya bari sai bam ya tashi a ƙofar gidansa.

A lokacin akwai wani ɗan Adaidaita mai suna Isyaku da ya kama hayar ɗaki a jikin gidana a Daurawa, shi da matarsa Hanne. Baƙo ne daga wani ƙauye na jihar da ke maƙwabtaka da mu, ba ya shiga sabgar kowa. Wata rana da bazara na gan shi yana sauke buhunan takin zamani daga kekensa yana shigarwa ɗaki. Na ƙirga daga taga, buhu huɗu. A makon ne ake ta faɗi a rediyo cewa da taki ake haɗa bam, ana kuma ba da lambar da za a kira in an ga abin da ba a yarda da shi ba. Ni ɗan birni ne, ban taɓa riƙe fartanya ba. Ban san manomi mai wayo tun kafin ruwan fari yake sayen takinsa ya aika gida, kafin ya yi tsada ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Na kira lambar, na kwatanta gidan, na kashe waya na ci abincina.

Washegari da hantsi wata mota marar lamba ta zo. Ba a yi hayaniya ba. Isyaku ya fito da butar alwala a hannu, aka ce ya ajiye, ya ajiye ta a bakin kwata, ya shiga motar. Butar ta yi kwana uku a wurin ba wanda ya taɓa ta.

Da yamma ana zancen a majalisa, bakina ya riga hankalina, na ce ai ba banza ba, buhu huɗu na taki a ɗakin mutum ɗaya. Yaya ya juyo ya dube ni.

"Garba, wa ya ƙirga maka?"

Na ce haka na ji ana faɗi.

"Gonar mahaifinsa zai kai ranar Asabar. Jiya ya gaya mini da ya sauke ni a bakin asibiti."

Bai ƙara ko kalma ba, ranar ko bayanta. Magana zarar bunu ce, tawa kuwa ta riga ta fita ta waya.

Daga wannan makon Yaya ya ɗauki wata al'ada. Kowace Alhamis in ya tashi daga aiki, sai ya zagaya bayan asibiti zuwa mutuware, inda ake ajiye gawawwakin da ba a san masu su ba kafin a kai su a binne. Wani dattijo, Baba Ilu, shi ke riƙe da makullin. Yaya yakan tsaya a bakin ƙofa ya yi cikakkiyar sallama da ƙarfi, kamar mai shiga gidan surukai, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana buɗe fuska. Inda fuska ta ɓaci sai ya duba tafin hannu, don ya ce riƙon kan keke yana barin kanta a inda noma ba ya bari, Isyaku kuwa yana da duka biyun. Na taɓa yi masa ba'a, na ce wa yake jira ya amsa sallamar. Ya ce ba don su amsa yake yi ba, don kada shi ya manta mutane ne.

Hanne kuwa ba inda ba ta je ba. Masu kaki suka duba littafinsu suka ce ba su da mai wannan suna. A kotu alƙali ya yi mata bayani cikin tausayawa cewa in wa'adin jira ya cika za a iya raba auren, amma ba zai ce mutum ya mutu ba tare da shaida ba, shaidar kuwa tana hannun waɗanda suka ce ba su taɓa ganinsa ba. Ta ce ita ba saki ta zo nema ba. So take a gaya mata wace addu'a za ta yi, Allah ya jiƙansa ko Allah ya dawo da shi. Daga baya ta bar Daurawa ta kafa kaskon waina kusa da ƙofar asibiti. Ni kuma na sauya hanya, nakan yi dogon zagaye ta Babban Giji don kada in wuce ta gabanta.

Shekara biyu Yaya ya yi yana Alhamis ɗinsa, sannan ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Ina gefensa har ya cika, ina jiran ya tayar da maganar, bai tayar ba. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: muna dawowa daga maƙabarta ina kuka, amma can ƙasan kukan akwai sauƙi, don mutum ɗaya tilo da ya sani ya tafi. Wannan sauƙin ya fi kiran wayar ba ni kunya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Shingayen sun ragu, tsoron ya koma hanyoyin daji da ƙauyuka. Majalisar ta koma cikin waya, inda nake ganin samari suna rubuta maganata ta da, kalma da kalma, a kama su kawai, wane bincike. Malamai da 'yan siyasa kuwa wani lokacin sai ka duba da kyau kafin ka gane wa ya ari rigar wa. Ina jin ba zai yi musu da kowa ba. Zai tambaya ne, a hankalin nan nasa, ko an rubuta sunan wanda aka kama.

Larabar da ta wuce, ranar da ya cika shekara goman, ƙafata ta ƙi yin zagayen. Na tsaya a gaban kaskon Hanne. Ta yi furfura a gefen ɗankwali. Na jira masu saye suka watse, na gaya mata komai a tsaye, daga taga har waya. Ba ta daina juya wainar ba.

"Na sani, Alhaji. Malam Sabo ya gaya mini kafin ya kwanta ciwo."

Na tambaye ta me kuma ya ce.

"Ya roƙe ni kada in ja maka Allah ya isa sai ka zo da ƙafarka. Ya ce za ka zo, sai dai kana da nawa. Ban ja ba, ban kuma yafe ba." Ta kwashe wainar ta zuba sabon ƙullu. "Gobe Alhamis. Tunda ya rasu ba wanda ya duba mini."

Yaya bai bar gida ba, bai bar mota ba, ko gardamarmu bai taɓa cewa ya ci ni ba. Abin da ya bari shi ne aikin da bai gama ba, da mace ɗaya da ta riƙe bakinta shekara goma saboda ya roƙe ta. Na sani sarai bayan wannan tsawon lokaci da wuya in sami Isyaku a ɗakin nan. Amma ni na ƙirga buhunan, ni ya kamata in ƙirga fuskokin.

Na je bayan la'asar. Hanyar bayan asibitin shiru, sai ƙugin injin sanyi. Ƙofar a buɗe take kaɗan, sanyi na fitowa yana dukan ƙafata. Baba Ilu na nan, ya tsufa tukuf, an ce idonsa ya yi yana, yana zaune ya ba ni baya. Na tsaya inda Yaya yake tsayawa, na yi sallama da ƙarfi kamar yadda yake yi.

Dattijon bai waiwayo ba, bai kuma razana ba. Ya laluba aljihu ya zaro makullin ɗakin ciki.

"Wa alaikumus salam, Malam Sabo. Ka daɗe ba ka zo ba. Shigo, akwai baƙi uku."

Ban gyara masa ba. Na shiga.